Kanta, Allon Bango, Durowa Ko Kabad Mai Kulle: Da Wanne Za Ka Fara A Ɗakin Aikinka?

Duk wanda ya ware ɗaki ko lungu a gidansa don 'yan gyare-gyare, ko kafinta ne na sha'awa, ko mai taɓa lantarki, ko mai kwance inji ranar hutu, akwai ranar da kaya za su fi ƙarfin teburinsa. Guduma na kan gwangwanin fenti, ƙusoshi sun gauraye da notuna, kwalbar tina tana jingine da cajar batir, sifanar da ake nema kuma ta yi ɓatan dabo. A nan ne mutum ke yanke shawarar saye ko haɗa abin ajiya, kuma galibi abu huɗu ne a gabansa: kanta a buɗe, allon da ake kafawa a bango a rataye kaya, akwatin ƙarfe mai durowa, da kabad mai ƙofa da makulli. Ba kowa ke da sarari ko halin haɗa huɗun a lokaci guda ba, don haka dole a zaɓi na farawa.

Yawancin mutane da allon bango suke farawa, domin shi ya fi ɗaukar ido. Ni kabad nake ba da shawara a fara da shi, ko da ƙarami ne, kuma dalilina daga halin kayan kansu ya fito. Kayan ɗakin aiki kashi biyu ne. Akwai waɗanda ba sa cutar da kowa sai an taɓa su ko sun faɗo: zarto, kurfi, guduma, injin huda. Akwai kuma waɗanda suke aikinsu ko babu kowa a ɗakin. Tina tana fitar da tururi, asid yana cin ƙarfen da ke kusa da shi, tsumman da ya sha wani irin mai yana ɗumama a hankali, batirin da ya sha faɗuwa yana iya kumbura cikin dare. Kashi na farko illarsa ɓata lokaci da tsatsa da yankan hannu. Kashi na biyu illarsa gobara da guba. Uku daga cikin abubuwan ajiyan nan huɗu, galibi kashi na farko suke yi wa amfani.

Kanta a buɗe ita ce mafi sauƙin samu da sauƙin haɗawa, kuma babu mai ɗaukar manyan kaya kamarta: guntayen katako, bokitin fentin ruwa, akwatunan injuna, naɗin waya, buhun siminti. Ido yana ganin komai, hannu yana kaiwa ba tare da an buɗe wani abu ba, iska kuma tana ratsa kayan. Inda ake tafka kuskure shi ne lissafin nauyi. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a kan ƙarfe ido yakan yi kure. Ƙarfe ya ninka ruwa nauyi kusan sau takwas, don haka gwangwanin lita ɗaya da aka cika da notuna yana iya kai kilo huɗu. Ka jera goma a falanki ɗaya, ka ɗora masa kilo arba'in ke nan ba tare da ka ankara ba.

Lanƙwasar falanki kuma ba ta tafiya daidai da tsawonsa. Idan nauyin a tsakiya yake, ninka tazarar da ke tsakanin matokara biyu yana ninka lanƙwasar sau takwas, haka nan ninka kaurin falankin yana rage ta sau takwas. Wannan ya sa ƙara matokari ɗaya a tsakiya yakan warware matsalar da mutum yake shirin canza kanta gaba ɗaya saboda ita. Ga falanki mai kaurin milimita 18 da zai ɗauki kaya masu nauyi, kada tazarar ta wuce kamar santimita 80, kuma idan ka kafa siririn katako a tsaye a bakinsa na gaba, ƙarfinsa zai ƙaru sosai. Katakon da aka matse daga ɓarɓashi da gam, irin wanda ake haɗa kayan ɗaki masu araha da shi, ka nisance shi a nan. Ranar farko zai tsaya cak, amma a hankali yake sunkuyawa a ƙarƙashin nauyi, in kuma ya sha danshi sai ya kumbura, sukurorinsa su saki. Filawud ko katako na ainihi ya fi. Idan kantar ƙarfe ka saya, ka sani adadin kilon da aka rubuta a kwalinta ana nufin nauyin da aka baza ko'ina a kan bene ɗaya, ba wanda aka jibge a tsakiya ba.

Kowace irin kanta ce, a ɗaure ta da bango. A shekarar 2016 kamfanin IKEA ya janye kabad-kabad na tufafi kimanin miliyan 29 daga kasuwar Amurka bayan da wasu suka kife a kan yara har aka rasa rayuka, kuma a ƙarshen 2022 ƙasar ta kafa dokar da ta tilasta gwada irin waɗannan kayan ɗaki kafin a sayar. Na tufafi ke nan, wanda bai ɗauki rabin nauyin na ɗakin aiki ba. Yaro in ya ga kanta hawa zai yi. Masu nauyi su zauna ƙasa, marasa nauyi sama, kuma kada ruwan da zai iya ƙona ido ya zauna a saman kai, domin ranar da murfinsa bai rufu ba fuska zai zubo wa. Benen ƙasa a ɗaga shi kamar santimita 10 zuwa 15 daga daɓe, saboda ruwa da laima, kuma don tsintsiya ta samu shiga.

Raunin kanta a fili yake: ba ta hana ƙura, ba ta hana hannun yaro, ba ta tare tartsatsi. Na ƙarshen nan shi aka fi rainawa. Ƙa'idar ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, kan aikin walda da yankan ƙarfe ta ce a kawar da duk abin da ke kama wuta har nisan mita 11 daga wurin aikin, ko a rufe shi da abin da ba ya ci. Ɗakin aikin gida da wuya ya kai rabin wannan tsawon. Ke nan in kana gurza ƙarfe da inji, duk abin da ke kan kantarka yana cikin zangon tartsatsi.

Allon bango kuwa aikinsa ɗaya ne, kuma ya iya shi: ya sa kayan da kake ɗauka kullum a gaban idonka, ya bar maka teburi fayau. Wanda aka fi sani shi ne mai ƙananan ramuka a jere, tazarar kusan milimita 25 tsakaninsu, ana saƙala ƙugiyoyi. Yana zuwa da kauri biyu, na kusan milimita 3 da na 6. Siririn bai dace da guduma da manyan sifanoni ba, ramukansa yagewa suke yi. Dole kuma a bar masa sarari kamar santimita 2 tsakaninsa da bango, in ba haka ba ƙugiya ba za ta shiga ba. Abin da ke gundurar masu amfani da shi shi ne ƙugiya takan biyo kayan in an zare, sai an ɗaure ta ko a sami mai maƙalewa. A wuri mai danshi kuma na katako yakan kumbura ya bauɗe, na ƙarfe ya fi jurewa.

Akwai wata dabara da ta fi wannan ƙarfi, kuma duk mai zarto zai iya yin ta. A tsaga falanki a tsawonsa da kusurwar digiri 45, a kafa rabi a bango bakinsa yana kallon sama, ɗaya rabin a manna shi a bayan abin da za a rataye, bakinsa yana kallon ƙasa. In aka ɗora, nauyin kayan ne da kansa ke ƙara matse su da bango. Da jeri uku ko huɗu na irin wannan za ka rataye injin huda, da akwatin sukundireba, har da ƙaramar kanta, kuma ka sauya musu wuri duk sanda ka ga dama. Tsakaninsa da mai ramuka, wannan zan ɗauka, sai fa in kayanka duka marasa nauyi ne.

Ko wanne ka kafa, ka zana siffar kowane abu a inda yake ratayuwa. Masana'antun Japan, musamman Toyota, su suka yi fice da wannan tsari, kuma amfaninsa ya wuce kyan gani. Da kallo ɗaya kafin ka kashe fitila za ka san wuƙar yanka ba ta dawo ba, ka neme ta kafin wani ƙaramin hannu ya riga ka. Sai dai allo a buɗe yake kamar kanta. Ƙarfen da ke rataye yana shan raɓa da ƙura, kaifi kuma a waje yake. Kurfi da wuƙa a yi musu kube ko a rataye su baki ƙasa cikin katako mai rami, kuma can sama da inda yaro zai kai. Abin da wata guda ya wuce ba ka ɗauke shi ba, ba na allo ba ne, yana cin wurin wani ne kawai.

Akwatin ƙarfe mai durowa shi ya fi sauran tsada, kuma shi ya fi kyautata wa kayan da kansu. Ma'aunai masu laushi, bakunan huda, magagari, soket-soket na kwance noti, duk sun fi daɗewa a durowa. Tsatsa tana saurin kama ƙarfe idan danshin iska ya haura kamar kashi 60 cikin ɗari, durowa a rufe da 'yan ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi ko na'ura, tana rage wannan ƙwarai. Faifan yankan ƙarfe ma nan ne wurinsa, a kwance, a bushe. Mutane da yawa ba su san yana da wa'adi ba: gam ɗin da ya riƙe shi yana rauni da shekaru da danshi, shi ya sa masu bin ƙa'idar Turai suke buga ranar ƙarewarsa a zoben ƙarfen tsakiya, galibi shekara uku daga ƙera shi. Faifan da ya tarwatse yana juyawa sau dubu goma a minti ba ƙaramin rauni yake yi ba.

In za ka saya, durowa marasa zurfi da yawa sun fi masu zurfi kaɗan, domin mai zurfi tarkace take tarawa, na ƙasa ya ɓace. Ka ja kowace har ƙarshe ka ji yadda take tafiya. Masu nauyi a durowar ƙasa, kuma kada a buɗe biyu masu kaya a lokaci guda, domin akwatin kifewa yake yi gaba. Wasu an yi musu abin da ke hana hakan. Makullinsa yana hana yaro taɓa kaifi, wannan gaskiya ne, amma bai mai da shi wurin ajiye sinadarai ba. Kwalba ba ta tsayuwa a durowa sai a kwance, kwalbar da ke kwance kuma yoyo take jira. A jerin saye, ni a ƙarshe nake sa shi, sai ga wanda aikinsa na kanikanci ne ko na ƙananan na'urori.

Ƙananan kaya irin su ƙusa da sukuru da washa, akwatunan roba masu ɗakuna da ake hango cikinsu sun wadatar, a rubuta girman kowanne a jiki. Kwalbar gilashi tana nuna abin da ke ciki amma tana fashewa a daɓe. Abu biyu ne ba za a jefa su cikin tarkace ba. Batir mai bolt 9, wanda kawunansa biyu suke gefe ɗaya, in ya taɓa soson ƙarfe nan take yake kunna shi, don haka a liƙe kansa da tef. Sai ɗan batir mai kama da maɓalli: in yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu. Wannan na bayan makulli ne.

Yanzu ga kabad, wanda shi ne asalin maganar. Abu biyu ake kira da wannan suna kuma ba ɗaya suke ba. Akwai kabad ɗin ƙarfe na ofis, mai bango ɗaya siriri. Akwai kuma wanda aka ƙera musamman don ruwa mai kama wuta, galibi fentinsa rawaya. Dokar kare ma'aikata ta Amurka ta fayyace yadda na biyun zai kasance: bango biyu na ƙarfe da sararin iska na inci ɗaya da rabi a tsakaninsu, ƙofa mai kamawa a wuri uku, dokin ƙofa mai tsayin inci biyu don ya tare abin da ya zube, kuma in an gwada shi da wuta na minti 10 kada zafin cikinsa ya wuce digiri 163 a ma'aunin Salsiyas. A Turai ƙa'idar EN 14470-1 tana raba su da mintunan da suke jurewa, akwai na 30, akwai na 60, akwai na 90. Lura da abin da waɗannan lambobi ke faɗa. Babu wanda ya yi alkawarin kayan ba za su ci wuta ba. Lokaci kabad ɗin yake saya wa mutanen gida, su farka, su fita, masu kashe gobara su iso kafin gwangwanaye su fara fashewa.

Shin mai ɗakin aiki na gida yana buƙatar wannan mai tsadar? Ya danganta da yawan abin da yake ajiyewa. In kana fesa fenti, kana ajiye galan-galan na tina da fanish, i, kana buƙata. In 'yan gwangwanaye ne da ba su wuce lita kaɗan ba, kabad ɗin ofis mai makulli, da faranti mai zurfi a ƙarƙashin kwalaben, ya riga ya tare tartsatsi da hannun yaro da hasken rana, kuma waɗannan su ne mafi yawan hatsarin. Abin da ba zai yi ba shi ne jure babbar wuta, domin siririn ƙarfe nan da nan yake isar da zafi ciki.

Akwai hanya ta uku da ba a cika sani ba. Wannan dokar ta Amurka ta amince da kabad ɗin katako, muddin filawud ne mai kyau da kaurinsa ya kai inci ɗaya, wato kamar milimita 25, wanda ba ya ɓarewa a wuta, an yi wa mahaɗansa gurbi sun shiga juna, an ɗaure su da sukuru ta fuska biyu, in ƙofa biyu ce kuma su hau kan juna da aƙalla inci ɗaya. Dalilin shi ne katako mai kauri a hankali yake ci, gawayin da ya yi a waje yana kare na ciki, kuma ba ya wuce da zafi kamar ƙarfe. Ga wanda ya iya aikin katako, wannan aikin yini biyu ne, kuma a wajen jure zafi ya fi kabad ɗin ofis. Shi zan zaɓa wa yawancin masu ɗakin aiki na gida.

Wata tambaya da kan taso ita ce ko a huda kabad don wari ya fita. NFPA ba ta wajabta hakan don kare gobara ba, ta ce ma in ba a haɗa ramukan da bututu mai fita waje ba, a toshe su. Ramin da tururi zai fita ta nan wuta za ta shiga. In ka buɗe kabad wari ya buge ka, akwai murfin da bai rufu ba ko gwangwanin da ya huje. Shi za ka nemo. Ɗakin ne yake buƙatar taga da iska.

Mallakar kabad kuma ba ta nufin a tura duk wani sinadari ciki a kulle. Tun 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsarin alamomin hatsari na bai ɗaya, hotuna tara a cikin jan murabba'i mai tsaye a kan kusurwa, kuma yanzu ana ganinsu a jikin yawancin gwangwanaye. Uku ne suka fi shafar ajiya. Harshen wuta yana nufin abin yana kamawa. Harshen wuta a kan da'ira yana nufin abin yana ciyar da wuta, kuma wannan ba ya kwana wuri ɗaya da na farko. Garin kulorin na tsabtace ruwa misali ne: in man birki ya zuba a kansa, bayan ɗan lokaci da kansa yake tashi da wuta. Hoton ruwa yana cin hannu da ƙarfe kuwa na asid ne da dangoginsa. Asid ɗin wanke siminti, ko a rufe yake, tururinsa yana sa duk ƙarfen da ke kusa tsatsa, har da hinjin kabad ɗin da gindin gwangwanayen fenti. A ba shi bokitin roba mai murfi, a ƙasa, nesa da kayan aiki. Bilic kuma kada ya kusanci asid ko amoniya, domin haɗuwarsa da kowannensu iska mai guba take fitarwa.

Komai ya zauna a mazubinsa na asali. Wannan ita ce ƙa'idar da na fi damuwa da ita, domin ita aka fi karyawa kuma yara ne suke biya. Murfin da sai an danna kafin a murɗa, wanda Amurka ta wajabta wa kayan guba tun dokar 1970, an yi shi ne don ya gagari ƙaramin yaro. Wanda ya juye kananzir ko tina a gorar abin sha ya cire wannan kariya, ya kuma sa wa guba kamannin abin da yaro ya saba sha. Ruwan sanyaya injin mota ma zaƙi gare shi. In har tsautsayi ya faru yaro ya sha kananzir ko makamancinsa, kada a sa shi amai, domin babban hatsarin shi ne ya shiga huhu. A garzaya asibiti tare da mazubin. Ban da wannan, ba kowace roba ke jure kowane ruwa ba. Asiton, irin ruwan da ake goge fentin farce da shi, yana narkar da wasu robobin, fetur yana tausasa wasu. Idan dole ne a juye, a sami mazubin da aka yi don wannan ruwan, a rubuta sunansa ɓaro-ɓaro.

Akwai kuma kayan da babu ɗaya cikin huɗun nan da ya dace da su. Fetur na farko. Tururinsa yana iya kama wuta tun daga kusan digiri 43 ƙasa da sifili, wato babu yanayin da ba a shirye yake ba. Kwatanta da kananzir, wanda sai ya kai wajen digiri 38. Tururin fetur ya ninka iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ƙasa yake bi yana rarrafe har ya tarar da soket ko injin da ke tartsatsi a ɗaya ƙarshen ɗakin. Wurinsa jarka ta musamman, a rumfa mai iska, a wajen ginin da ake kwana. Tukunyar gas ma haka, a tsaye, a ɗaure, a waje, domin gas ɗinta shi ma ƙasa yake taruwa. Mai tukunyar iskar oksijin don walda kada ya bari mai ko giris ya taɓa bakinta. Gwangwanin feshi yana iya shiga kabad, amma an rubuta a jikinsa kada ya wuce digiri 50, don haka kabad ɗin da ke jingine da bangon kwano mai shan rana bai dace da shi ba.

Sai tsumma. A watan Fabrairun 1991 wani bene mai hawa 38 a birnin Filadelfiya na Amurka, One Meridian Plaza, ya kama da wuta daga hawa na 22. Ma'aikatan kashe gobara uku suka rasu, kuma bincike ya nuna tsummokaran da masu gyaran katako suka bari a tare, jiƙe da man linsid da ake shafa wa katako, su ne mafari. Babu ashana, babu wayar lantarki. Irin wannan mai, da fanish da fentin katako da aka yi da shi, bushewarsa haɗuwa ce da iska, haɗuwar kuma zafi take fitarwa. A shimfiɗe zafin tafiya yake yi. A dunƙule cikin kwando taruwa yake yi har ya kai ga kamawa, wani lokaci cikin 'yan awoyi. Jefa shi cikin kabad ɗin tina shi ne mafi munin abin da za a yi. A shanya kowane tsumma shi kaɗai a waje har ya bushe ya yi tauri, ko a nutsar da shi a gwangwanin ƙarfe mai ruwa da murfi.

Batiran litiyam na injunan hannu su ma ba na kabad ɗin sinadarai ba ne. In ɗaya ya lalace daga ciki, zafinsa kan haifar da ƙarin zafi har ya tashi da wuta mai wuyar kashewa, kuma ba ka so hakan ta faru a gefen gwangwanin tina. A nan kanta a buɗe ta fi: wuri mai sanyi, kan ƙarfe ko tayil, nesa da garin katako. In za su daɗe ba a yi aiki da su ba a bar su da rabin caji. Kada a yi caji ana barci, wanda ya kumbura ko ya tsage kuma a fitar da shi daga ɗakin. Batirin mota yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta yayin caji, shi ma iska yake so.

Halin gidanka zai iya sauya jerin, amma kaɗan. In akwai yara, ko masu zuwa ziyara ne, kabad da makulli ba abin jinkirtawa ba ne, kuma kulle ƙofar ɗakin kaɗai bai isa ba, domin ranar da kake tsakiyar aiki a buɗe take. In gidan haya kake ba a yarda ka huda bango ba, allo ya fita daga lissafi sai dai ka kafa shi a bayan teburinka. Ka nemi gajeriyar kanta mai faɗin gindi da akwati mai taya. In wurin yana da danshi sosai, durowa ta hau gaban allo. In aikinka na katako ne mai tayar da ƙura, ka sa wa kantar ƙofa ko labule mai kauri, in kuma na walda ne, labulen ya zama wanda ba ya cin wuta. Wanda ba ya ajiye komai sai fentin ruwa da gam ɗin katako, shi kaɗai zan ce ya fara da kanta da allo hankali kwance.

Inda za a ajiye kabad ɗin ma yana da muhimmanci kamar irinsa. Ya kasance a lungun da ya fi nisa da ƙofar fita, nesa da injin gurza da soket da wurin caji, yadda in wuta ta tashi a cikinsa ba za ta tsaya tsakaninka da hanya ba. Abin kashe gobara kuwa, mai garin hoda wanda ke kashe wutar katako da ta mai da ta lantarki, a bakin ƙofa ake rataye shi, don ka ɗauke shi bayanka na ga mafita. Ruwa ba ya kashe wutar tina ko fetur, yaɗa ta yake yi. Ka rubuta ranar da ka buɗe kowane gwangwani a murfinsa, duk wanda ya daskare ko ya rabu gida biyu ya ƙi haɗuwa ka kai shi inda hukumar yankinka ta tanada don irin wannan shara, kada ka tuttule shi a magudana. Makullin kabad ɗin kuma kada ya kwana a jikin ƙofarsa ko a ƙugiyar allo. Ka haɗa shi da makullan da kake fita da su.